Hayar mota ta dogon lokaci: yadda zaka kare kanka daga cajin mileji

Ranar da aka kawo min motar da na ɗauka haya ta shekara biyu, ana dab da kiran magariba ne, direban da ya tuƙo ta daga Legas ya faka a ƙofar gida nan Unguwar Rimi a Kaduna duk ya gaji idonsa yayi ja, ya miƙo min takarda da biro yana cewa "Alhaji dan Allah sa min hannu nan, so nake in kama motar dare a Mando." Na zagaya na duba fenti, na duba tayoyi, na buɗe but na ga sifiya da jak, na sa hannu. Abu ɗaya ne ban duba ba, lambar da ke kan mita. Gurbin da ake rubuta mileji, wato jimlar tafiyar da motar ta ci, a takardar fayau yake ba'a cike ba, kuma motar ta riga ta ci kilomita 960 a hanya. Bayan wata 24 da na mayar da ita sai suka fara lissafi daga sifili, ni kuma dama na wuce iyakar kilomitar da muka yi dasu, toh wannan 960 ɗin ta hau kaina a kan naira 100 kowace kilomita, dubu 96 kenan na tafiyar da ko zama cikin motar banyi ba. Wallahi har yau abin na min ciwo, shi yasa na zauna nake rubuta wannan.

Da farko ka tantance wace irin haya ce a gabanka don ba duka ne suke da iyakar tafiya ba. Akwai wadda kana biya wata-wata a ƙarshe motar ta zama taka, irin tsarin da 'yan Keke suka saba dashi, ko ijarar da bankunan Musulunci ke yi wadda ke ƙarewa da mallaka, a nan yawanci ba ruwan kowa da nisan da kayi tunda kai zaka ƙare da motar, amma duk da haka ka karanta. Wadda nake magana a kai itace ɗayar, kamfani ne mai mota, kai amfani kawai zakayi na shekara biyu ko uku ko huɗu ka mayar musu su sayar. Najeriya tana da dokar hayar kayan aiki tun 2015, sai dai abinda zai hukunta tsakaninku ranar rigima shine takardar da ka sa wa hannu. Dalilin iyakar kuma ba boyayye bane, kuɗin da kake biya duk wata an gina shi ne a kan faɗuwar darajar motar, kuma duk wanda ya taɓa zuwa sayen mota yasan tambayar da ke biyo bayan shekarar ƙira itace nawa ta ci. Motar da ta ci dubu 40 da wadda ta ci dubu 70 ba kuɗinsu ɗaya ba, wannan giɓin ne suke so ka cike.

Yanzu maganar milejin kawowa. Sabuwar mota ba ta zuwa da sifili, ana ɗan gwada ta a masana'anta, a hau da ita jirgi a sauke, a zagaya da ita wajen dila, ka ganta da 15 ko 40 ba komai bane. Matsalar mu a Kaduna itace nisa. Motocin daga tashar Apapa ko Tin Can suke fitowa, ko daga ofishin kamfanin a Legas ko Abuja, in a tirela aka ɗoro ta shikenan, in kuma tuƙo ta akayi ta Lokoja da Abuja toh ta haura kilomita 900 kafin ka taɓa sitiyari, daga Abuja kawai ma kusan 190 ne. Don haka tun kafin a taso da ita ka tambaya, a tirela ko a ƙasa, kuma wa zai ɗauki tafiyar hanya. Kamfanoni masu tsari suna fara ƙirga maka ne daga lambar ranar da ka karɓa, amma fa sai in an rubuta.

Ranar karɓa kar ka bari gaggawar kowa ta ɗebe ka, ko da direban yana roƙonka, ka bashi ruwa ya zauna minti goma bazai hana shi tafiya ba. Ka kunna motar, ka tabbatar lambar da kake kallo babbar ce ta jimla ba ƙaramar da ake gogewa ba wadda direbobi ke auna mai da ita. Ka ɗauki hoto, sannan kayi bidiyo guda ɗaya ba yankewa wanda ya fara daga lambar mota ya shiga ciki har kan mita, ka faɗi kwanan wata da bakinka. Ka rubuta lambar da hannunka a takardar karɓa, direba ya sa hannu a gefenta, ka riƙe kwafi. Daren nan ka tura hoton ga wanda ke kula da fayil ɗinka ta imel, ba WhatsApp kaɗai ba, don ma'aikaci na iya barin aiki ya tafi da layinsa, waya kuma na iya ɓata, ka ce masa ya amsa maka a rubuce cewa daga wannan lambar za'a fara. In motar ba sabuwa bace, tokumbo ce ko wadda wani ya taɓa haya, wannan matakin ya ma fi muhimmanci.

Sai wani abu da mutane da yawa basa lura dashi, mil da kilomita. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka da Ingila da mil suke ƙirga, mu kuma takardunmu da allunan hanya duk kilomita ne. Kana iya kallon mita kaga 30,000 hankalinka kwance kana cewa ai iyakata dubu 40 ce da saura, alhali mil ne, in aka juya ka haura kilomita dubu 48. Ka duba ƙananan haruffan da ke gefen lambar, kuma ka sa a rubuta a yarjejeniya da wanne ake awo.

Inda aka fi faɗawa rami shine zaɓen iyaka tun farko. Mai tallan zai nuna maka farashi mafi sauƙi, wanda kuma shine mai ƙaramar iyaka, kai kuma da yadda mai yayi tsada tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 sai zuciyarka ta ce ai bana yawo sosai. Kar ka tambayi zuciya, ka ɗauko biro. Ga misali da irin rayuwar mutumin Kaduna. A ce kai yara makaranta, zuwa shago ko ofis, komawa cin abinci, kasuwa, duka suna cin kilomita 40 a rana, kwana 26 a wata, a shekara 12,480 kenan. Abuja sau biyu a wata, zuwa da dawowa 380, a shekara 9,120. Zariya gaida su Hajiya sau biyu a wata, kusan 80 ne zuwa, a shekara 3,840. Ka haɗa, 25,440, kuma ban sa ɗaurin aure a Kano ba, ban sa ta'aziyya a Funtuwa ko Kafanchan ba, ban sa zirga-zirgar Sallah ba, ban sa ranar da ƙaninka zai ce Yaya ara min mota in kai amarya ba, kuma kasan bazaka iya hana shi ba. Mutumin nan in ya sa hannu a kan dubu 20 a shekara na tsawon shekara biyu, zai ƙare da wuce iyaka da 10,880, in farashin naira 100 ne ya haura miliyan ɗaya a dunƙule rana ɗaya. Ni shawarata duk abinda lissafinka ya baka ka ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a kai. In kana da tsohuwar mota abin ma yafi sauƙi, ka duba takardar da bakanike ke maƙala maka ranar juyen baƙin mai, ka kwatanta da ta bara. Kar kuma ka zarce da yawa, don mafi yawansu basa mayar da kuɗin kilomitar da baka ci ba.

Kafin biro ya taɓa takarda ka nemi amsar waɗannan a rubuce, ba "kar ka damu Alhaji zamu daidaita" ba. Nawa ne kowace kilomita in an wuce, da haraji a ciki ko sai an ɗora, kuma farashin ɗaya ne ko yana ƙaruwa in wucewar tayi yawa don wasu suna da mataki biyu. Iyakar a dunƙule ake lissafa ta a ƙarshen kwangila ko shekara-shekara, wannan babba ce, in a dunƙule ne shekarar da kayi yawo da yawa sai ta gaba ta rufa maka asiri. In ka mayar da motar kafin lokaci fa, saboda yawanci sai su raba iyakar bisa watannin da ka riƙe ta, kaga wanda ya ci dubu 25 a shekarar farko ya mayar zai biya ko da jimlar kwangilar dubu 40 ce. Kuma tafiyar mayar da ita Abuja ko Legas a kan wa take, da kilomitar da ake ci in sun ɗauke ta zuwa sabis.

'Yan uwanmu da ke waje su ma abin ɗaya ne. A Amurka an fi yin shekara uku da iyakar mil 10,000 ko 12,000 ko 15,000 a shekara, tarar kuma tana kaiwa santi 15 zuwa 30 a kowane mil. A Ingila da kwabonsu suke caji kowane mil, kuma sau da yawa tuƙo motar ake har ƙofar gidanka, don haka duk mai ɗa ko ƙani a can ya gaya masa ya duba takardar kawowa kafin ya sa hannu.

Bayan ka fara hawa, ka raba iyakar gida-gida, dubu 24 a shekara dubu 2 ne a wata, ranar da albashi ya shigo ko ranar ɗaya ga wata ka ɗauki hoton mita ka ajiye. Da kaga wata uku a jere kana wucewa ka kira su, kamfanoni da yawa suna yarda a ƙara iyaka a tsakiyar kwangila a ɗan ƙara maka kuɗin wata, kuma yawanci yafi sauƙi a kan tarar ƙarshe, amma in ka bari sai saura wata biyu ba lallai su saurare ka ba. Tafiyar Abuja kuma wani lokacin ka ajiye motar ka hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Idu, kowace tafiya ka tsira da 380. Wani zai zo ya raɗa maka cewa akwai yaron da ke mayar da mita baya, dan girman Allah kar ka fara, cin amana ne kuma zamba ce, ga shi motocin kamfani da yawa da tiraka, na'urar bin sawun mota, a jikinsu kuma kowane sabis ana rubuta lamba, ranar da suka haɗa lissafi maganar ta wuce ta tara.

Ranar mayarwa ka wanke ta, kaje da rana ido na ganin ido, ka maimaita duk abinda kayi ranar karɓa, hoto da bidiyo da sa hannun wanda ya karɓa a gefen lambar. Ka riƙe takardar ranar farko a hannunka, ku cire waccan lambar daga wannan a gabanka, sannan a cire iyakar, abinda ya rage shi kaɗai zaka biya. Motar da nake hawa yanzu da aka kawo ta daga Abuja mitar na nuna 214, na rubuta da hannuna, direban ya sa hannu, takardar na cikin durowa tare da takardun gida.