Yadda Ake Tace Ra'ayoyin Masu Karatu Kan Littafin Tafiya Gidajen Caca

Akwai wani nau'in littafin tafiye-tafiye da kan faɗo hannun masu son karatu a Kano, yawanci ta waya. Marubuci ya ɗauki jaka ya tafi Las Begas ta Amurka ko Makau ta ƙasar Sin ko Monte Karlo ta ƙasar Monako, ya zauna a teburin caca, ya dawo ya ba da labarin abin da ya gani. Ka duba ƙasan littafin a shafukan intanet na Goodreads ko Amazon, sai ka tarar da ra'ayoyi birjik. Wannan ya ba shi taurari biyar yana cewa bai iya ajiye shi ba, wancan ya ba shi ɗaya yana cewa ɓata lokaci ne. Majalisar karatu da ta ɗauki irin wannan littafi, ko ta ɗaliban Jami'ar Bayero ce ko ta 'yan unguwa masu haɗuwa bayan la'asar, tana buƙatar sanin ra'ayin da za ta riƙa da wanda za ta watsar.

Maganar hukunci dai a sarari take. Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91 sun gama magana a kan caca, kuma tun da Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000 doka ma ta hana. Don haka ba a zauna don a yi muhawarar halasci ba. Abin da ake so a gano shi ne ko marubucin ya faɗi gaskiyar inda kuɗin mutane ke tafiya, kuma ko mai sharhin ya lura da hakan.

Fara da tattara ra'ayoyi ashirin

Kada ku dogara da jimillar taurarin da ke saman shafi. Masu rubuta ra'ayi galibi waɗanda littafi ya burge ne ƙwarai ko waɗanda ya ɓata wa rai, na tsakiya kan karanta su yi shiru. Ku ɗebi biyar daga masu taurari biyar, biyar daga masu ɗaya ko biyu, sauran goman daga masu uku da huɗu. A cikin goman nan ake samun masu cewa babi kaza ya yi kyau amma lissafin babi kaza bai tashi ba, kuma su ne masu amfani.

Sai a raba su gida uku a takarda. Akwai mai magana kan daɗin rubutu, akwai mai magana kan halin marubucin, akwai kuma mai magana kan gaskiyar abin da aka faɗa. Kashi na farko ɗanɗano ne, ba a gardama a kansa. Na biyu yakan zama wa'azi ko kariya, kuma sau da yawa mai shi bai wuce babi na biyu ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: ya ambaci wani abu da ya faru a rabin littafin na ƙarshe? In bai ambata ba, a ajiye shi gefe. Haka duk ra'ayin da ya ƙare da sunan wata manhajar caca ko lambar samun garaɓasa, wannan talla ce aka yi wa rigar sharhi.

Littafin lissafi a gefen littafin karatu

Kashi na uku, wato gaskiyar abin da aka faɗa, nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata a daɗe. A ba mutum ɗaya a majalisar, wanda ya saba da lissafin shago, aikin riƙe takarda mai layi huɗu: shafi, wasan da aka yi, kuɗin da aka zuba, abin da ya dawo. Duk inda marubucin ya ambaci adadi a rubuta. Duk inda ya ce "na yi asara kaɗan" ba adadi, a sa alamar tambaya. Idan an kai ƙarshe aka ga kowace nasara tana da adadinta har da sile, asara kuwa duk alamar tambaya ce, an gane irin littafin da ake riƙe da shi.

Don a iya auna abin da ya faɗa, dole a san yadda gidan ke cin riba. Ɗauki rulet, faifan nan mai juyawa da ake jefa wa 'yar ƙwallo. Na Turai yana da gurbi 37, wato lamba 1 zuwa 36 da sifiri ɗaya. Wanda ya canki lamba daidai ana biyan sa ninki 35. Da adalci za a yi, ninki 36 ya kamata. Wannan ɗan giɓin shi ne ribar gida, kashi 2.7 cikin ɗari na duk abin da aka zuba. Na Amurka yana da gurbi 38 saboda an ƙara sifiri biyu a haɗe, biyan kuma bai canza ba, sai ribar ta haura zuwa kashi 5.26.

Kuskuren da masu sharhi suka fi yi shi ne su ɗauka kashin nan daga kuɗin aljihu ake cire shi sau ɗaya. Daga kowace zubawa ake cirewa. A misalta da naira: mutum yana zuba 5,000 a kowane juyi, ana juyi 40 a awa, ya zauna awa huɗu. Abin da ya ratsa teburin 800,000 ne, ko da 100,000 kawai ya shigo da ita, domin abin da ya ci shi yake sake mayarwa. A faifan Amurka, matsakaiciyar asararsa ta wannan zama ta kai wajen 42,000. A na Turai 21,600. Wani dare zai tashi da riba, wani dare a tashe shi ba ko sisi, amma in aka haɗa darare da yawa nan lissafin ke komawa. Marubucin da ya yi wata guda yana zama haka ya ce ya tashi ba ci ba asara, ko dai ya yi sa'ar da ba a saba gani ba, ko bai riƙe lissafi ba.

Sauran wasannin a taƙaice: a bakarat, wasan kartar da ya mamaye teburan Makau, ribar gida kashi 1.06 ce in an zuba a ɓangaren banki, 1.24 a ɓangaren ɗan wasa, amma ta wuce kashi 14 in an zuba a kan canjaras. A wasan karta na neman ashirin da ɗaya takan sauka kusan rabin kashi ɗaya ga wanda ya haddace ƙa'idar wasan sarai, kuma 'yan yawon buɗe ido kaɗan ne suka haddace.

Idan mai sharhi ya ce littafin ya koya masa dabara

A nan sai an yi hattara, don irin wannan ra'ayi shi ya fi cutar da matashi. Dabarar da aka fi yayatawa ita ce ninkawa: ka zuba a kan ja ko baƙi, wato launukan gurabun faifan rulet, in ka faɗi ka ninka, har ka ci. A fara da naira 1,000. Faɗuwa goma a jere ta cinye 1,023,000, zubi na sha ɗaya kuma 1,024,000 ne, duk don a ci ribar 1,000. A faifan Turai irin wannan jerin faɗuwa yakan zo kamar sau ɗaya a gwaji 780, wanda mai zama kullum zai riske shi ba da jimawa ba. Kafin nan ma kowane tebur yana da iyakar abin da ake zubawa, wadda ke datse wannan hanya.

Ɗaya kuskuren shi ne tunanin cewa tun da baƙi ya fito sau da yawa, yanzu lokacin ja ne. A Monte Karlo a 1913 baƙi ya fito sau 26 a jere, mutane suka yi ta zuba dukiya a kan ja suna asara. Faifai ba ya tuna abin da ya wuce. Marubucin kirki zai ba da labarin yadda wannan tunani ya kama shi, sannan ya nuna ƙaryarsa. Wanda ya bar shi a matsayin basira, a rage masa daraja, haka ma mai sharhin da ya yaba masa.

Wannan lissafi ba na ƙasar waje kaɗai ba ne. Matashin da ke haɗa wasannin ƙwallo goma a tikiti ɗaya ta waya, in kamfani na riƙe kashi 5 a kowane wasa, ribar kamfanin a kan tikitin gaba ɗaya ta kai kusan kashi 40, saboda giɓin ninkuwa yake yi. Shi ya sa kullum ake jin "wasa ɗaya ne ya ɓata min". Hukumar Hisbah ta rufe shagunan irin wannan caca da dama a Kano a 2024, amma wayar tana aljihu. Majalisar da ta kawo wannan misali za ta ga yadda tattaunawar ke kama jiki nan take.

Duba tarihin da marubucin ya kawo

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Jihar Nebada ta Amurka, inda Las Begas take, ta halatta caca a 1931. Makau ta koma hannun ƙasar Sin daga Fotugal a 1999, kuma attajiri Stanley Ho ne ya riƙe harkar cacarta shi kaɗai daga 1962 har aka buɗe wa wasu kamfanoni a 2002. A 2006 kuɗin cacar Makau ya zarce na babban titin gidajen caca na Las Begas. Littafin da ya tuntuɓe a irin waɗannan, sauran maganarsa ma sai an sake dubawa.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a nema musamman. 'Yan asalin Monako doka ta hana su yin caca a gidan Monte Karlo da ke ƙasarsu. Singafo kuma, da ta buɗe gidajen caca biyu a 2010, ta sa wa 'yan ƙasarta kuɗin shiga dalarta 100 a rana, ta ƙara zuwa 150 a 2019, baƙi kuwa su shiga kyauta. Ruwa ba ya tsami banza. Matafiyin da ya je waɗannan wurare bai tambayi dalili ba, fitilu kawai ya kallo.

A kuma lura da wanda aka bari ya yi magana. Shin akwai muryar mai raba karta da ke tsaye dare guda, ko mai shara, ko mai shagon jingina da ke bayan otal, ko matar da aka bari a gida? In ɗaki da abinci kyauta aka ba marubucin, ya faɗa? Gidajen caca kan ba da irin wannan gwargwadon asarar da suka ƙiyasta mutum zai yi. Kuma tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa jarabar caca a sahun shaye-shaye, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa ta cikin cututtuka. Mai sharhin da ya kira marubuci wawa don ya kasa tashi daga tebur bai fahimci abin da ya karanta ba.

Ranar zama

Awa ɗaya da rabi ta isa, mutane kada su wuce goma sha biyu. Mai takardar lissafi ya fara, minti goma. Sai a karanta ra'ayoyi uku kacal cikin ashirin ɗin, waɗanda suka tsallake tacewa, kowa ya faɗi inda ya yarda da inda bai yarda ba, tare da lambar shafi. Shugaban zama ya hana abu biyu: a mayar da wurin kotu a kan marubucin, ko wani ya fara labarin yadda abokinsa ya ci miliyan. In akwai wanda ake zargin abin ya taɓa shi, kada a yi masa habaici a gaban mutane, wani babba ya same shi a keɓe.

Wanda zai rubuta nasa ra'ayin bayan haka, kalma 150 zuwa 200 ta wadatar. Ya faɗi garuruwan da aka je da shekarar tafiyar, ya kawo jimillar da takardar lissafi ta bayar da yawan alamomin tambaya, ya nuna wuri ɗaya da rubutun ya yi ƙarfi da wuri ɗaya da ya yi rauni. Sannan ya faɗi a fili ko zai miƙa littafin ga ƙaninsa ɗan shekara sha takwas mai waya a hannu, ko sai ya zauna sun karanta tare.