Daga jita zuwa kiɗan kwamfuta: ramukan da ake ta faɗawa

Shekara goma na yi ina kaɗa jita a Katsina kafin in sa FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, a kwamfuta, wai in riƙa yin nawa kiɗan a gefe. Yanzu duk yaron da ya kawo min aikinsa, tun kafin ya kunna na san ramin da ya faɗa, don ni ma na kwana a ciki.

Mafi muni shi ne jera kowane bugu a kan layin ma'aunin kiɗa. Manhajar tana da maɓallin da ke jawo duk abin da aka kaɗa ya hau ma'auni cif-cif. Na taɓa ɗauko wani dattijo mai kalangu daga Ƙofar Ƙaura, na biya shi, ya kaɗa na naɗa, sannan na danna maɓallin nan. Da na kunna masa sai ya girgiza kai ya ce, "Yaro, wannan injin niƙa ne, ba hannuna ba." Na ce, "Baba, ai gyara na yi." Ashe ɓarna na yi. Daɗin kalangu yana cikin ɗan jinkirin nan da ɗan hanzarin nan, ni kuwa na share su tas. Aikin sati uku ya bi ruwa. Yanzu babbar gangar da ke riƙe kiɗan kaɗai nake ɗorawa a kan layi, sauran in bar su yadda hannu ya kawo su.

Na biyu kuwa shi ya raba ni da aboki. Waƙar da muka haɗa mu huɗu na ɗauka, na canza mata kiɗa, na sake ta da sunana ni kaɗai. Har yau mai ganga ba ya amsa sallamata. Haba jama'a, mene ne wahalar zama a rubuta wa ke da me tun kafin waƙa ta fita?

Auto-Tune, manhajar nan mai daidaita muryar mawaƙi, ba abin kunya ba ne. Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Nijar, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, muryar duk da shi aka yi. Kai dai ka saita shi daidai da sautin da waƙar take kai, in ba haka ba ka koma kukan akuya.

In mitar ƙarfin sauti ta nuna ja, rage ƙara.

Gwada kiɗan a waya kafin ka sake shi, don a nan mutane za su ji, kuma lasifikar waya ba ta fitar da amon bes, wato sautin nan mai kauri.

Ka riƙa danna Ctrl+S don adana aikinka, kamar mai jan carbi. Wuta ba ta sallama in za ta tafi.