Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa sharar abinci da lakar ruwan ƙazanta don samar da gas

Lakar da ke kwantawa a matatar ruwan ƙazanta tana da naitrojin da yawa amma kabon kaɗan, sharar abinci kuwa ta fi ta kabon mai saurin ruɓewa. Shi ya sa haɗa su a tanki ɗaya, inda ƙwayoyin halitta ke ruɓar da su, yake ƙara gas. Kuskuren da ya fi kashe tanki shi ne gaggawar ɗura sharar.

Ƙwayoyin halittar da ke mayar da abinci asid suna hayayyafa cikin sa'o'i, masu mayar da asid ɗin metan, wato iskar da ke kama wuta a cikin gas ɗin, kuwa sai sun ɗauki kwanaki. Idan aka antaya shara lokaci guda, asid ya taru, masu metan su sume. Abin da ke yaudarar ma'aikata shi ne awon pH, wato ma'aunin tsami da ke sauka in tsami ya ƙaru: yana iya zama a 7, wato tsaka-tsaki, alhali asid na taruwa, domin alkali, wato sinadarin da ke kashe tsami a cikin lakar, yana shanye tsamin har sai shi alkalin ya ƙare. Kafin pH ya sauka ƙasa da 6.5, aikin gama ya gama. A riƙa auna yawan asid a kan yawan alkali. In rabon ya haura 0.4, a rage ɗuri nan take. Raguwar metan daga kusan kashi 60 cikin 100 na gas ɗin ita ma alama ce ta farko. A fara da shara kaɗan, a ƙara a hankali cikin makonni, a kuma raba ɗurin yini kashi-kashi. Zuba sinadarin soda mai kashe tsami yana ɗaga pH, amma bai magance dalilin ba.

Sai sakacin tacewa. Leda tana naɗe famfo da abin motsawa, yashi da fasassun kwalabe da ƙashi suna kwantawa a ƙasa su cinye wurin aiki, kwanakin da lakar ke yi a ciki su gaza 15 zuwa 20 da ake buƙata ba tare da kowa ya lura ba. A tace sharar, a niƙa ta zuwa kimanin milimita 12, a cire yashin kafin tanki. Kwashe shi daga baya sai an tsayar da aiki gaba ɗaya.

Maiƙo yana ba da gas sosai, amma yawansa na kawo kumfa mai toshe bututun gas.

Zafin tanki ya tsaya tsakanin digiri 35 da 37, kada ya motsa fiye da digiri 1 a yini; zuba shara mai sanyi da yawa kaɗai na iya jawo hakan.

Akan kuma manta da abin da ke fitowa. Gas ɗin na ɗauke da haidrojin salfaid mai cin ƙarfe, da siloksen da ke barin farin ɓawo a cikin injin janareta, don haka sai an tace shi an busar. Ruwan da ake matsewa daga ragowar lakar cike yake da amoniya, kuma matatar yake komawa, sai a lissafa wannan ƙarin nauyin kafin a karɓi motar shara ta farko.