Laimar ƙaramar roka: inda masu gyara suka fi ɓata ta

Abin da mutum ke fara yi in ya tashi gyaran laimar da ke sauko da ƙaramar roka bayan an harba ta shi ne ya cire wadda ta zo da rokar ya sa babba, don ta sauka a hankali. A Kaduna, ballantana lokacin hunturu, haka ake asarar roka. Roka mai nauyin giram 60 da laimar santimita 30 tana saukowa kusan mita 4 da rabi a sakan, kuma ya wadatar. Ka sa mata ta santimita 45, sai ya koma mita 3. In ta kai mita 200 sama, iska kuma na gudun mita 5 a sakan, ta farko za ta faɗi kimanin mita 225 daga inda aka harba, ta biyun kusan 335, can cikin gonar wani ko kan mangwaro. Wanda ya riga ya sa babba, ya yanke huda a tsakiyarta, faɗin kashi ɗaya cikin biyar na faɗin laimar. Tana rage lilon da rokar ke yi. Rokar da ba ta kai giram 30 ba, dogon ƙyallen leda ya ishe ta a maimakon laima, tsawonsa ninki goma na faɗinsa.

Sai wuta. Albarushin da ke ƙarshen injin ne ke tunkuɗo laimar waje, da zafinsa. Kada a toshe tsakaninsu da tishu: laimar za ta fito a dunƙule kamar ledar da ta taɓa murhu, tishun kuma ya faɗo da wuta kan busasshiyar ciyawa. A sa takardar da aka yi don haka, kaurin ninki biyu na faɗin bututun jikin rokar, sako-sako, ba a danne ba, ko ƙyallen Nomex, yadin da ke jure wuta.

Igiyar da ke haɗa kan rokar da jikinta ita aka fi rainawa. In ta yi gajarta, kan zai yi tsalle ya dawo ya daki bakin bututun. Ta kai ninki uku na tsawon rokar. Zaren Kevlar ba ya ƙonewa da sauƙi, amma ba ya miƙewa, ga shi siriri. In laima ta buɗe rokar na gudu, zai tsaga bututun daga baki kamar an zuge zif. Maganinsa, Kevlar ya tsaya cikin bututu, a ɗaura masa igiya mai roba ta fito waje. Robar da ta sha rana tana tsattsagewa, a ja ta a duba kafin kowane harbi. Laimar kuma a ɗaure ta a sulusin igiyar daga wajen kai, da ƙugiyar masunta mai juyawa, don kada zarurruka su murɗe.

Laimar leda da ta kwana a naɗe cikin zafin Afrilu takan manne. A ware ta, a barbaɗa hoda, a naɗe a filin, a zagaya zaren sau biyu ba tare da matsewa ba.

Duk gyaran da ya ƙara nauyi yana taɓa lokacin buɗewa. Lambar ƙarshe a sunan inji, misali C6-5, sakan biyar ne na jinkiri kafin a tunkuɗo laimar. Roka mai nauyi C6-3 take so. Wurin harbi kuma ya yi nesa da filin jirgi da barikin soja, a nemi izinin hukuma tukuna.