Tafiyar Bertha Benz ta 1888: inda masu "a rana irin ta yau" suke yawan yin tuntuɓe

Duk shekara idan 5 ga Agusta ta zagayo, masu shirin "a rana irin ta yau" a rediyo da masu rubuta shi a Facebook sukan ɗauko labarin Bertha Benz, Bajamushiyar da ta yi doguwar tafiya a mota daga Mannheim zuwa Pforzheim a 1888. Labarin gaskiya ne. Sai dai kowa yana kwafa daga na gabansa yana ƙara gishiri, har wasu kurakurai suka zauna daram.

Wanda ya fi yawa shi ne a ce ta tuƙa Marsandi. A 1888 babu wata mota mai wannan suna a duniya. Abin da ta hau ƙirar mijinta ce, Carl Benz, wanda ya yi wa motarsa ta farko rajistar haƙƙin ƙira ranar 29 ga Janairu, 1886. Samfuri na uku ta ɗauka, mai ƙafa uku, wadda ake juya ta da sanda a maimakon sitiyari. Sunan Mercedes ya fito ne daga wani kamfani daban, na Daimler, a farkon ƙarni na 20, kuma sunan 'yar Emil Jellinek ne, wani dillalin motocinsu. Sai a 1926 kamfanonin biyu suka haɗe. Don haka a rubuta "motar Benz" kawai, kuma a daina liƙa hoton wata doguwar mota mai ƙafa huɗu a kan labarin.

Irin wannan kuskure na sa sunan yau a kan abin jiya yana bin sauran labaran ranar. Za ka ji an ce Burkina Faso ta samu 'yanci ranar 5 ga Agusta, 1960. Ranar daidai ce, amma a lokacin sunan ƙasar Haute-Volta, sai a 1984 Thomas Sankara ya sauya shi. Akwai kuma masu cewa a ranar aka yanke wa Nelson Mandela hukunci: ranar 5 ga Agusta, 1962 kama shi aka yi kusa da garin Howick a Afirka ta Kudu, hukuncin ɗaurin rai-da-rai kuwa sai a watan Yunin 1964.

Sai kalmar "ta farko", wadda marubuta ke watsawa babu awo. Idan ka ce Bertha ce ta fara doguwar tafiya a mota a tarihi, ka manta da motocin tururi. Tun a 1875 Amédée Bollée ya tuƙa tasa daga Le Mans zuwa Paris, sama da kilomita 200. Jimlar da ba za a kama ka a kanta ba ita ce: doguwar tafiya ta farko a mota mai injin da ke ƙona mai. Ta fi tsawo, amma ita ce gaskiyar.

Nisan ma ana cakuɗa shi. Zuwa kaɗai kimanin kilomita 106 ne. Adadin 194 da ake gani na hanyar tunawa da ita ce da aka buɗe a 2008, wadda ta haɗa zuwa da dawowa, domin ta wata hanya dabam ta komo bayan 'yan kwanaki. Wanda ya rubuta cewa ta ci kilomita 194 a yini ɗaya ya ba motar abin da ba ta da shi, don gudunta bai wuce kilomita 20 a awa ba, kuma tun asuba suka fita, sai bayan faɗuwar rana suka isa.

Na ce "suka", domin ba ita kaɗai ta tafi ba, kuma a ganina wannan ne kuskuren da ya fi rage wa labarin armashi. Da 'ya'yanta biyu matasa ta tafi, Eugen da Richard, suka bar wa Carl takarda yana barci. Motar ba ta da giyar hawan tudu, sai a sauka a tura. Ba ta da tankin kirki, 'yan litoci kaɗan take ɗauka, ga ruwan sanyaya inji da ke ƙonewa, sai an riƙa tsayawa ana ɗiba. Da bututun mai ya toshe, Bertha ta zare dogon fil ɗin da take maƙale hularta da shi ta zungure shi. Da wata waya ta zama tsirara, ta naɗe ta da igiyar ɗaure safarta. Maƙeri ya gyara musu sarƙa. Da katakon birki ya cinye, ta sa mai gyaran takalmi ya buga masa fata. Duk wanda ya share yaran da waɗannan masu sana'a don ya nuna jarumtar mace ɗaya, ya jefar da rabin abin da ya faru, alhali babu abin da zai ragu daga darajarta in an ambace su.

Akwai kuma masu cewa ta tsaya a gidan mai ta sha fetur. Kantin magani ne a garin Wiesloch, abin da ta saya kuma ligroin ne, wani ruwa da ake tacewa daga ɗanyen mai, wanda a lokacin ake sayarwa don cire tabo a tufafi. Daga baya ne aka yi wa kantin laƙabin gidan mai na farko a duniya, kuma ginin yana nan har yau. In za a yi amfani da laƙabin, a faɗi cewa laƙabi ne.

Dalilin tafiyar ma kada a tsaya a kan ziyarar mahaifiya, ko da yake gidansu na Pforzheim ta nufa. Bertha ta zuba dukiyarta a sana'ar Carl tun kafin aurensu a 1872, motar kuma ba ta samun masu saye. So take mutane su ga abin yana tafiya a kan hanya ta gaske. Da suka isa ta buga wa mijin wayar tangaraho, da suka dawo kuma suka zayyana masa wahalar da suka sha a tuddai, shi ne ya ƙara wa motar giya ta hawa.