Yadda nake shanya zoborodo har ya shiga buhu

Gonarmu tana kan hanyar Zango idan an fito daga Daura, kuma duk damina maigidana yakan bar mini kunya takwas a gefen gero in shuka yakuwa. Da ruwa ya ɗauke, wajen watan Nuwamba, sai aikin ya dawo tsakar gida, hannunmu mata. A nan ake samun kuɗin zoborodo, a nan kuma ake zubar da shi.

Ki jira fure ya kaɗe da kamar mako uku, zoborodon ya cika ya yi kauri, amma kada ki bari ƙwallon ciki ya tsage gurguzu ya zube. A yanko da hantsi, bayan raɓa ta ɗauke.

Ranar da aka yanko, ranar za a ɓare, domin ɗanye ya fi saurin sakin ƙwallo. Ni da guntun bututun tsohuwar lema nake yi: in kafa shi a gindi, in murɗa, in tura, ƙwallon ya faɗo ta baki, zoborodon ya fita ɗungurungum bai yage ba. Masu saye sun fi son irin wannan a kan gutsattsari. Gashin jikin ƙwallon yana da ƙaiƙayi, shi ya sa Innata ta koya mini shafa man kaɗanya a hannu kafin in fara. Gurguzun ki shanya shi daban; ga iri na baɗi, ga daddawar batso.

Wajen shanya, don Allah kada ki zuba a ƙasa. Rairayin Daura in ya shiga lungun zoborodo ba ya fita, sai mai sha ya ji shi a haƙori. Ki shimfiɗa tamfol ko tabarma a inda katanga ta tare ƙurar hunturu, ki baza shi ba tudu, kina juyawa safe da yamma. Idan rana ta take, nakan ja nawa ƙarƙashin rumfa, saboda zafin azahar yana cinye jan nan mai duhu da ake nema. Kafin magariba a kwashe a kai ɗaki, raɓar dare ɗaya ta isa ta mayar da aikin kwana biyu baya. Cikin kwana biyar zuwa bakwai yakan bushe. Kada ranki ya ɓaci da ganin yadda ya ƙanƙance: kilo 10 na ɗanye da kyar yake ba da kilo 1.

Ki ɗauki mai kauri ki karya gindinsa. In ya ce ƙas, madalla. In ya lanƙwashe, da saura.

Shekarar da na yi gaggawa saboda bikin ƙanwata, na ɗure buhu biyu na ɗinke a kwana na huɗu. Da aka buɗe a kasuwar Mai'aduwa, tsakiyar ta yi baƙi, fumfuna ta kama, dillali ya sansana ya ture. Har yau abin yana yi mini ciwo. Tun daga nan nake kwantar da shi tukuna: in zuba a buhu, in bar bakin a sake kwana biyu, sannan in tura hannu har tsakiya. In na ji laushi ko ɗumi, damshin da ya ɓuya a ciki ne ya fito, sai in sake bazawa wuni guda.

Daga nan sai tsinta. A zauna da faifai a cire tsinke, da ɓawon ƙwallo, da duk wanda ya yi baƙi, a bakace ƙura. Wannan kayan har Meksiko ake kai shi, kuma 'ya'yanmu ma shi suke sha da azumi, don haka ban yarda a yayyafa masa fiya-fiya ba ko kaɗan. Buhu mai shan iska nake sawa, ba leda ba, in ɗora a kan katako nesa da bango, ina dubawa duk ranar Juma'a.