Darasi na 9: Idan Injin Mota Ya Ɗauki Zafi

A gaban direba, kusa da agogon gudu, akwai wata ƙaramar allura tsakanin haruffa biyu: C da H. C sanyi ke nan, H kuma zafi. Idan inji lafiya lau yake, allurar tana zama a tsakiya, wajen digiri 90. Da ka ga ta fara hawa ɓangaren H, akwai matsala. An fi ganin haka da bazara, a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Maraɗi ke wuce digiri 40, ga cunkoso, ga lodi.

Kada ka ce bari in lallaɓa in ƙarasa gida. Kashe na'urar sanyaya mota, ka gangara gefen titi, ka kashe inji. Jira tururi ya lafa kafin ka ɗaga bonet.

Ga inda mutane ke jin ciwo: murfin radiyeta, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji. Ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwan shayi. Ka murɗa murfin a wannan hali, ruwan zai yi tsartuwa ya saɓule maka fatar hannu da fuska. Ba shi aƙalla minti 30. Sannan ka ɗora tsumma mai kauri, ka murɗa kaɗan, ka saurara iska ta gama fita, kana ka buɗe. Kuma kada ka kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, ƙarfe na iya tsagewa.

Bayan ya huce, duba ko ruwa ya ragu, ko tiyo na yoyo, ko fanbel ya tsinke, ko fanka ta daina juyawa. Ƙurar hunturu ma kan toshe idanun radiyeta. Ruwan rijiya yana fid da kai a hanya, amma yana tara tsatsa. Ruwan radiyeta mai launi da ake sayarwa a jarka ya fi.

Baƙin mai shi ma yana rage wa inji zafi. Da safe, kafin ka tayar da mota, zaro sandar gwajin mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyun da ke jikin sandar. Idan ka gan shi kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, galibi gaskit ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Wannan sai makanike.

Aikin gida: zana agogon zafi a littafinka, ka rubuta C da H, ka nuna inda allura ta kamata ta tsaya.